Gidan rawa a cikin kangon masana'anta: tarihin Tresor na birnin Barlin, da tambayar da yake yi wa ƙasar gyaɗa

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bin tarihin wani gidan rawa na ƙasar Jamus mai suna Tresor, tun daga buɗe shi a 1991 cikin ma'ajiyar kuɗi ta wani rusasshen kanti, har zuwa komawarsa a 2007 cikin tsohon gidan wutar lantarki na Barlin ta Gabas. An duba asalin kiɗan tekno a birnin Detroit na Amurka, da dalilan da suka sa ya sami mazauni a Barlin, da yadda hukuma ta tashi daga kau da kai ta koma ɗaukar abin a matsayin gado. Daga ƙarshe an waiwayi gine-ginen da cinikin gyaɗa ya bari a jahar Maraɗi.

1. Gabatarwa

Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Gidan Rumji, ta bi ta Maraɗi da Cadawa da Agye har Gazawa, tana ratsa ƙasar da gyaɗa ta taɓa riƙewa. A garuruwan da aka ci kasuwar gyaɗa a da, har yanzu akan ga tsofaffin ɗakunan mangaza da filayen awo, waɗansu an ba su wani aiki, waɗansu kuwa suna nan sai ƙadangaru. Tambayar da wannan maƙala ta ɗauko ita ce: mene ne makomar gini in sana'ar da aka gina shi dominta ta mutu? Wa ke shiga cikinsa, da wane izini, kuma wa ke cin amfanin in wurin ya sake yin daraja?

Mun zaɓi mu amsa ta hanyar misali guda daga nesa, domin tarihinsa a rubuce yake shekara bayan shekara, kuma ya haɗa nahiyoyi uku. Gidan rawan Tresor ya zauna a kango biyu, ɗaya bayan ɗaya, kuma kiɗan da ake sawa cikinsa shi ma daga birnin kangaye ya fito. Za mu fara da kalmomi, kamar yadda ya dace da wannan sashe namu na nazarin harshe, sa'annan mu bi tarihi, kana mu dawo gida.

2. Kalmomi uku da ɗaya

Kalma ta farko ita ce tekno. Tushenta kalmar Girkanci ce, tekhnē, watau sana'a ko gwanintar hannu. Daga gare ta ne Faransanci ya sami technique da technologie. Sunan ya kama wannan kiɗa sosai a 1988, lokacin da aka fitar da wani faifai a Ingila mai suna Techno! The New Dance Sound of Detroit. Kiɗa ne na na'ura: bugu huɗu daidai wa daida da ke maimaituwa, wajen bugu 120 zuwa 150 a minti guda, galibi babu mawaƙi. Mai juya faifai, wanda matasa ke kira dije, yana ɗinke wannan faifai da wancan ba tare da yankewa ba, har rawa ta kai safiya. Ga kunnen Bahaushe wannan baƙon abu ne, domin a wurinmu kiɗa da magana tare suke tafiya: kalangu yana bin karin harshe, makaɗi yana kirari, mawaƙi yana ambaton suna da asali. Tekno ya cire magana. Za mu ga nan gaba cewa wannan rashin magana shi ya buɗe masa hanya.

Kalma ta biyu ita ce Tresor. Duk ma'aikacin Nijar da ya taɓa jiran albashi ya san Trésor, watau baitulmali. Kalmar ta taso daga Girkanci thēsauros, ta bi ta Latin, ta zama trésor a Faransanci, da ma'anar dukiya ko taska. Jamusawa sun aro ta daga Faransawa, amma suka taƙaita ta ga mazubin dukiyar: Tresor a Jamusanci shi ne akwatin ƙarfe ko ɗakin ƙarfe da ake kulle kuɗi a ciki. Irin waɗannan kalmomi ne malaman fassara ke kira faux amis. Sunan gidan rawan ba kirari ba ne ke nan, bayanin wurin ne kawai.

Ta uku ita ce Kraftwerk: Kraft, ƙarfi, Werk, aiki ko ma'aikata, a haɗe, gidan wuta. Sunan ƙungiyar makaɗa ne ta birnin Düsseldorf, wadda Ralf Hütter da Florian Schneider suka kafa a 1970, kuma shi ne sunan da ake kiran ginin da Tresor ya koma a 2007.

Saura kalmar da za mu kira wurin da ita a Hausa. A Najeriya ana cewa kulob ko gidan disko, a biranen Nijar matasa kan ce boîte. Dandali kalma ce mai kyau, amma dandali fili ne a sarari, a gaban idon gari, alhali wurin da muke magana a kai a rufe yake, a ƙarƙashin ƙasa. Mun tsaya ga gidan rawa, ko da yake mun san kalmar tana ɗauke da ɗan zargi a bakin mutanenmu.

3. Detroit: birnin mota da ya tsufa

Sunan Detroit shi ma Faransanci ne, détroit, mashigin ruwa. Wani hafsan Faransa, Antoine de la Mothe Cadillac, ya kafa garin a 1701, kuma sunansa aka ba motar nan Cadillac. A 1913 Henry Ford ya kafa layin harhaɗa motoci mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park. Albashin masana'antun mota ya jawo dubun dubatar baƙaƙen fata daga jahohin kudu, jikokin bayi, masu gudun talauci da wariyar launi. A ƙidayar 1950 birnin yana da mutane wajen miliyan 1.85.

Daga nan sai koma baya. Masana'antar Packard ta tsaya a shekarun 1950, kamfanoni suka riƙa kai aiki bayan gari da waɗansu jahohi, na'ura ta riƙa maye gurbin ma'aikaci. Tarzomar Yuli 1967 ta ci rayuka 43, fararen fata masu hali suka ƙara ƙaura zuwa unguwannin gefe. Kamfanin faifai na Motown, wanda Berry Gordy ya kafa a 1959 bayan shi kansa ya yi aiki a layin harhaɗa motoci, ya tattara ya koma Los Angeles a 1972. A 1990 mutanen birnin sun ragu zuwa miliyan ɗaya da kaɗan, a 2020 kuwa ba su kai 640,000 ba. A 2013 hukumar birnin ta bayyana karayar arzikinta a gaban kotu.

A cikin wannan hali ne samari uku baƙaƙen fata, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka haɗu a makarantar sakandare ta Belleville, wani ƙaramin gari kusa da Detroit. Suna sauraron wani mai shirin rediyo na dare, The Electrifying Mojo, wanda ke haɗa kiɗan Kraftwerk da na George Clinton da na Prince a shiri guda. Atkins ya karanta littafin Alvin Toffler, The Third Wave (1980), mai magana a kan ƙarewar zamanin masana'antu. Kayan aikinsu na'urorin kamfanin Roland na Japan ne, musamman akwatunan ganga TR-808 da TR-909, waɗanda kasuwa ba ta karɓa ba da farko, don haka ana samun su da araha a hannu na biyu. Atkins da Richard Davis sun fitar da faifai da sunan Cybotron tun 1981. A 1985 Atkins ya kafa nasa kamfanin faifai, Metroplex. A 1987 May ya fitar da Strings of Life.

Abin lura shi ne, na'urar da ta raba iyayen unguwa da aikinsu, irinta ce ƴaƴan suka ɗauka suka yi kiɗa da ita. Amma a gida kiɗan bai sami kasuwa ba. Gidan rawan Music Institute, wanda aka buɗe a Detroit a 1988, bai wuce shekara ɗaya da ƴan watanni ba ya rufe, kuma dokar jahar Michigan ta hana sayar da abin sha bayan ƙarfe 2 na dare. Masu saye suna Turai.

4. Barlin: ƙasa mai gidaje babu masu su

Wurin da Tresor ya fara zama yana da nasa tarihin baƙin ciki. Tun 1896 iyalin Wertheim, Yahudawan Jamus, suka fara gina babban kantinsu a titin Leipziger, bisa zanen magini Alfred Messel, har ya zama ɗaya daga cikin manyan kantunan Turai. Gwamnatin Nazi ta raba iyalin da dukiyarsu a shekarun 1930. Bama-baman yaƙin duniya na biyu suka ragargaza ginin, hukumomin Jamus ta Gabas suka share kangon a tsakiyar shekarun 1950. Abin da ya rage shi ne wani ɗan sashe na gefe, da ma'ajiyar kuɗi ta ƙarƙashin ƙasa. Da aka gina katangar Barlin a 13 ga Agusta 1961, wurin ya faɗa bakin iyaka, inda ba mai zuwa.

Katangar ta buɗe a 9 ga Nuwamba 1989, Jamus ta haɗe a 3 ga Oktoba 1990. Abubuwa uku suka haɗu a wannan ɗan tsakanin. Na ɗaya, masana'antun gwamnatin Gabas, wajen 8,500, an miƙa su ga wata hukuma mai suna Treuhandanstalt domin ta sayar ko ta rufe. Tsakanin 1990 da 1994 miliyoyin ma'aikata suka rasa aiki, gine-gine suka zama wayam. Mai karatu na Nijar zai tuna da abin da ya sami kamfanonin gwamnatinmu a shekarun 1980. Na biyu, dokar haɗewa ta ce a mayar wa asalin masu su dukiyar da aka ƙwace a zamanin Nazi da na kwaminis. Shari'o'in gado suka ɗauki shekaru, kuma muddin ba a yanke hukunci ba, ba mai iya rushewa ko ginawa. Ana dai ba da haya ta ɗan lokaci, da kuɗi kaɗan. Na uku, tun 1949 Barlin ta Yamma ta soke dokar lokacin rufe wuraren shaƙatawa, don haka dare ba ya da iyaka.

Dimitri Hegemann, mutumin Yamma, ya riga ya kafa bikin kiɗa na Berlin Atonal tun 1982, ya kuma riƙe wani ƙaramin gidan rawa mai suna Ufo har 1990. Shi da Achim Kohlberger da Johnnie Stieler, wanda yake ɗan Gabas, suka gano ma'ajiyar Wertheim: ɗaki mai kaurin bango, da ƙofar ƙarfe, da ɗaruruwan akwatunan ajiya da aka fasa suka yi tsatsa. Suka buɗe gidan a watan Maris 1991. Takardar izinin da suka samu ta ɗakin nuna zane-zane ce, yarjejeniyar hayar kuwa ta ƴan watanni ce da ake sabuntawa. Faɗuwar wani tashin wani, in ji Hausawa. A nan faɗuwar ta kai uku: ta iyalin Wertheim, ta ma'aikatan Gabas, da ta ma'aikatan Detroit da kiɗansu ke zuwa.

5. Shekaru goma sha huɗu a titin Leipziger (1991–2005)

Gidan hawa biyu ne. A sama akwai ɗakin da ake kira Globus, inda ake sa kiɗa mai laushi. A ƙasa, bayan sandunan ƙarfe, akwai ma'ajiyar, babu taga, babu ado, sai hayaƙi da walƙiyar fitila da ƙarar na'ura. Samarin Gabas da na Yamma, waɗanda aka raba shekara 28, a nan da irin waɗannan wurare suka fara cuɗanya. A makarantun Gabas Rashanci ne harshen waje na dole. A Yamma Ingilishi ya fi ƙarfi. Kiɗan da ba ya da kalmomi bai fifita kowa ba, kuma ba na ɗayan ɓangarorin ba ne, sabo ne ga dukansu. Wannan shi ne amfanin rashin maganar da muka ambata a sama.

A wannan shekara ta 1991 aka kafa kamfanin faifai mai sunan gidan. Faifansa na farko, X-101, aikin ƙungiyar Underground Resistance ne ta Detroit, watau Mike Banks da Jeff Mills da Robert Hood, ƙungiyar da ke rufe fuska, ta kuma ƙi jinin manyan kamfanonin faifai na Amurka. A 1992 Jeff Mills ya fitar da Waveform Transmission Vol. 1 a wannan kamfani, a 1993 kuma aka fitar da tarin kiɗa da ke kiran dangantakar biranen biyu ƙawance. Kantin faifai na Hard Wax, wanda Mark Ernestus ya buɗe a Barlin a 1989, shi ke shigo da faya-fayan Detroit kai tsaye. Makaɗan da ba a san su ba a garinsu suka zama manyan baƙi a Jamus.

Akwai wani aiki da ya kamata mai karatu na Afirka ya sani. Ƙungiyar Drexciya, ta James Stinson da Gerald Donald, ta gina kiɗanta bisa wata tatsuniya da ta ƙirƙira: mata masu ciki da aka jefa teku daga jiragen bayi sun haihu a ƙarƙashin ruwa, ƴaƴansu suka koyi numfashi a can, suka kafa ƙasarsu. Tresor ne ya fitar da faifansu Neptune's Lair a 1999. Watau a cikin ma'ajiyar da aka ƙwace wa Yahudawa, samarin Jamus suna rawa da kiɗan da ke makokin bayin Afirka, da yawansu kuwa ba su san haka ba, tun da kiɗan ba ya magana. Rashin kalmomi da ya sauƙaƙa tafiyar kiɗan shi ne kuma ya sauƙaƙa manta asalinsa.

A wannan zamani abin ya bunƙasa ƙwarai. Jerin gwanon Love Parade, wanda ya fara da mutane wajen 150 a Yuli 1989, ya tara kimanin miliyan ɗaya da rabi a 1999. An buɗe waɗansu gidajen a irin waɗannan gine-gine, alal misali E-Werk, a tsohuwar tashar rarraba wuta, daga 1993 zuwa 1997. Amma ƙasar da ke ƙarƙashinsu tana ta tsada. A Yuni 1991 majalisar dokoki ta zaɓi mayar da mazaunin gwamnati Barlin, aka ƙaura a 1999. Kamfanonin Daimler-Benz da Sony suka gina dogayen benaye a dandalin Potsdamer, ƴan taku kaɗan daga Tresor. Bakin iyakar jiya ya koma tsakiyar babban birni. Aka sayar da filin, gidan ya rufe a Afrilu 2005, aka rushe ma'ajiyar. A 2014 aka buɗe katafaren rukunin kantuna, Mall of Berlin, a filin Wertheim. Kanti ya koma kanti. Ɗan haya ya riƙe wurin ne kawai kafin masu kuɗi su shirya.

6. Gidan wuta na titin Köpenicker (daga 2007)

Bayan shekara biyu babu mazauni, Tresor ya sake buɗewa a Mayu 2007 cikin tsohon gidan wuta na unguwar Mitte. An gina shi tsakanin 1960 da 1964 domin ba tsakiyar Barlin ta Gabas lantarki da ruwan zafi na ɗumama gidaje, aka dakatar da shi a 1997 bayan an gina sabo a gefensa. A lokacin komawar, ginin mallakar kamfanin Vattenfall ne na ƙasar Suwidin. Aka kwaso akwatunan ajiya da sandunan ƙarfe na tsohon wurin aka kafa a ƙarƙashin sabon, ana shiga ta wani dogon lungu na siminti. Babban zauren injuna kuwa, wanda aka sa wa suna Kraftwerk Berlin, ya zama wurin nune-nune da bukukuwa. A cikinsa aka farfaɗo da Berlin Atonal a 2013.

Bambancin zama na farko da na biyu yana da muhimmanci. A 1991 an shiga kango ne domin shi ke da araha, kuma ba mai so. A 2007 kango ya riga ya zama abin sha'awa, tsatsa da siminti sun zama ado da ake nema, har ana kwaso su daga wani wuri. Gidan Berghain, wanda aka buɗe a 2004 cikin wani gidan wuta na shekarun 1950, shi ma haka yake. Sunansa ma haɗi ne na ƙarshen sunayen unguwanni biyu, Kreuzberg ta Yamma da Friedrichshain ta Gabas.

Hukuma ta bi sahu. A 2016 kotun haraji ta Barlin da Brandenburg ta yanke cewa Berghain zai biya harajin kashi 7 cikin ɗari irin na wasannin al'ada, maimakon kashi 19 na wuraren nishaɗi. Wani bincike na ƙungiyar masu gidajen rawa ta Barlin ya ƙiyasta cewa a 2018 baƙi wajen miliyan 3 sun zo birnin domin waɗannan gidaje, suka kashe kusan yuro biliyan ɗaya da rabi. Annobar korona ta rufe su duka a Maris 2020. A Mayu 2021 majalisar dokokin tarayya ta nemi a lasafta su cikin wuraren al'ada a dokar gine-gine. A Maris 2024 aka sa teknon Barlin cikin jerin gadon al'adu na ƙasar Jamus, jerin da ake tsarawa bisa yarjejeniyar UNESCO. Ƙofar ƙarfen tsohuwar ma'ajiya kuwa an kai ta gidan tarihi na Humboldt Forum, aka nuna ta ga jama'a daga 2021, a ginin da aka tanadar wa kayan tarihin Afirka, ciki har da tagullan Benin da Jamus ta mayar wa Najeriya mallakarsu a 2022.

Wannan karramawa ta tayar da muhawara, domin sunan Barlin aka rubuta, ba na Detroit ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Adalci ne a ce Tresor bai taɓa ɓoye bashin da ke kansa ba: Hegemann ya kafa ƙungiyar haɗa biranen biyu, a 2014 ya ba da shawarar mayar da tsohuwar masana'antar Fisher Body 21 ta Detroit gidan rawa da al'adu, sai dai shawarar ba ta tabbata ba. Kuma takardar gado ba ta biyan haya: gidan Watergate, ɗaya daga cikin sanannu, ya rufe a ƙarshen 2024 saboda tsadar wuri.

Akwai kuma farashin da aka biya da rai. Ginin da aka yi domin kaya ko injuna ba a yi masa ƙofofin fitar taro ba. A 24 ga Yuli 2010 mutane 21 suka mutu a turmutsutsun Love Parade a Duisburg, a filin tsohuwar tashar jirgin kaya mai mashiga guda. A Disamba 2016 gobara ta kashe mutane 36 a wani sito da ake kira Ghost Ship a Oakland ta Amurka, ana cikin kiɗa. Ƙasar Hausa ta san irin wannan tun gobarar silima El Duniya ta Kano a Mayu 1951, wadda ta ci rayuka 331.

7. Mu dawo ƙasar gyaɗa

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta fara jan ƙasar Hausa zuwa kasuwar duniya. A ɓangaren Faransa, Maraɗi da Tasawa da Damagaram suka zama cibiyoyin saye. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka gina ɗakunan ajiya, aka kafa matatsar mai ta SICONIGER a Maraɗi a shekarun 1940. Bayan samun ƴancin kai aka kafa SONARA a 1962 domin sayar da gyaɗa a waje, da UNCC domin ƙungiyoyin manoma. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin abin da Nijar ke sayarwa waje. Emmanuel Grégoire ya nuna, a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, yadda jarin manyan ƴan kasuwar garin ya samo asali daga wannan ciniki. Farin 1968 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya sana'ar, yuraniyom ya karɓi matsayinta a baitulmali, manoman Agye da Gazawa suka ƙara ƙarfi ga wake da aya.

Ba muna ba da shawarar a buɗe gidan tekno a Gazawa ba ne. Irin waɗannan gidaje a Turai suna tafe da giya da ƙwaya, abin da al'ummarmu ba ta yarda da shi ba, kuma tarzomar Nuwamba 2000 a Maraɗi da Yamai, lokacin bikin FIMA, inda aka far wa mashaya, ta nuna zafin maganar. Ba kuma kiɗan na'ura ne baƙo a Nijar ba: Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na organ a Yamai tun 1978, kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, Hama ya fitar da Houmeissa a 2019, Mark Ernestus na Hard Wax kuwa ya koma aiki da makaɗan sabar na Senegal. Darasin ya shafi gini da tarihi, kuma kashi uku ne.

Na farko, matasa ba sa rasa wurin taro. In ba a ba su ba, su nema. Dandali da sarkin samari sun daɗe a ƙauyukanmu, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da samariya bayan 1974 ta kuma yi amfani da ita. Mangazar da ke zaune babu aiki tana iya zama ɗakin karatu, ko wurin wasan kwaikwayo, ko wurin naɗar waƙa, muddin an duba rufi da ƙofofi.

Na biyu, wanda ya raya kango ba tare da takarda mai ƙarfi ba, wani yake yi wa aiki. A Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. In jirgin ya iso, filayen da aka raina za su yi kuɗi, kamar yadda titin Leipziger ya yi. Ƙananan hukumomi su san gine-ginen da ke hannunsu, su rubuta wa masu amfani da su yarjejeniya tun kafin ranar.

Na uku, aikinmu ne mu masu nazarin harshe. Kalmar mangaza ta fito daga Faransanci magasin, wadda ta bi ta Italiyanci daga Larabci makhāzin, jam'in makhzan, ma'aji. A ƙetaren iyaka ana cewa sito, daga Ingilishi. Kalmomi biyu ga abu guda, tsakanin Gazawa da Katsina, sun isa su nuna inda Turawa suka ja layi. Masu awo da ƴan dako da ƴan kamasho da direbobin kamyo na zamanin gyaɗa sun tsufa, kuma kalmomin sana'arsu da waƙoƙin aikinsu suna bakinsu ne kaɗai.

8. Kammalawa

Tarihin Tresor ya nuna matakai huɗu: sana'a ta mutu, gini ya rasa mai shi na ɗan lokaci, matasa marasa jari suka raya shi, daraja ta dawo ta kore su ko ta mai da su kayan tarihi. A Barlin an adana ƙofar ƙarfe, an adana faya-faye, amma sunayen ma'aikatan da suka hura wutar titin Köpenicker shekara 33 ba su cikin labarin da ake ba baƙi. Muna ganin ya kamata ɗaliban wannan sashe da suka fito daga Agye da Gazawa da Gidan Rumji su ɗauki aiki biyu a lokacin hutu: su lissafa gine-ginen gyaɗa da ke garuruwansu, da shekarar gini da halin da suke ciki da mai riƙe da su, sa'annan su naɗi hira da tsofaffin da suka yi aiki a cikinsu, cikin karin harshensu, ba tare da gyara ba. Abin da aka tattara zai zama tushen ƙaramin ƙamus na sana'ar gyaɗa cikin Hausa da Faransanci, wanda za a iya bugawa a ɗaya daga cikin fitowar wannan mujalla.